Tukunyar Kashe Gobara Mai Kumfa: Bayani Ga Jama'ar Dandin Mahe Da Kewaye

Kamar yadda aka sani, man fetur da gas da kananzir sun shiga harkokin yau da kullum na mutanenmu na karkara. A Dandin Mahe da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga, da su ake tayar da injin ban ruwa da injin niƙa da janareto, ga kuma masu sayar da mai a jarka a bakin hanya. Idan wuta ta tashi a irin waɗannan wurare, kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso sau da yawa mai afkuwa ta riga ta afku. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan tukunyar kashe gobara mai kumfa.

Ruwa ba ya kashe wutar fetur, domin man ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya taso sama ya bi ruwan yana ci. Kumfa kuwa shimfiɗuwa take yi a kan man kamar bargo, ta raba shi da iska, ta kuma sanyaya shi. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Aleksandr Loran, shi ne ya ƙirƙiro wannan dabara a shekarar 1902 a Baku, birnin rijiyoyin mai. Tukwanen da aka fi samu su ne masu lita 6 da masu lita 9. Jikinsu ja ne, akasari da tambari mai launin madara.

Ana amfani da ita a kan wutar mai, da ta itace, katifa, tufafi ko buhunan hatsi. Amma kada a fesa ta a kan kayan lantarki matuƙar ba a yanke wutar ba, domin yawancin abin da ke cikinta ruwa ne. Haka kuma ba ta dace da wutar tukunyar iskar gas ta girki ba, ko man suya da ya kama a kasko.

Idan wuta ta kama, a fara yin kururuwa a fitar da mutane, wani kuma ya kira hukumar kashe gobara ko lambar gaggawa ta 112. Mai riƙe da tukunyar ya tsaya kimanin taku uku zuwa huɗu daga wutar, iska na bugun bayansa, hanyar fita kuma tana bayansa. Sai ya zare fil ɗin da ke kanta, ya riƙe bututun, ya matse hannun. In itace ne ko buhuna, ya auna gindin wutar yana kai bututun dama da hagu. In kuwa mai ne a cikin duro ko daro, kada ya harba kumfar tsakiyar man, don zai fantsama. Ya auna bangon mazubin daga ciki domin kumfar ta gangaro a hankali ta rufe shi.

Wajibi ne a sani cewa kumfar takan ƙare kafin minti ɗaya ya cika. Saboda haka wutar da ta fara yanzu ita kaɗai ake tunkara da ita. Idan ta kai rufin ɗaki, ko kuwa tankar mai ce ta faɗi, a yi nesa. Ba mu manta da abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 ba, inda fiye da mutum 150 suka rasu a wajen tankar da ta kife.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A rataye tukunyar kusa da ƙofa, a inuwa, kimanin mita ɗaya daga ƙasa, domin zafin bazara a jiharmu yakan wuce digiri 40, danshin ƙasa kuma yana kawo tsatsa. Kowane wata a duba allurar agogonta: in ta fita daga kore, tukunyar na bukatar gyara. A tabbata fil da hatiminsa suna nan, bututun bai tsage ba, ƙurar hunturu ko ginin zanzaro bai toshe bakinsa ba. Sau ɗaya a shekara ƙwararre ya duba ta, bayan shekara 5 kuma a juye ta a sake cikawa. Wadda aka taɓa matsawa ko sau ɗaya ne, a kai ta a cika. Kada a zubar da tsohuwar kumfa kusa da rijiya ko fadama, domin wasu nau'o'inta na ɗauke da sinadaran da ke daɗewa cikin ruwa.

A ƙarshe, muna kira ga ubannin ƙasa da hakimai da jami'an ƙananan hukumomi da su sa a riƙa rubuta ranar duba kowace tukunya da ke asibiti, makaranta, kasuwa da tasha, a kuma koya wa aƙalla mutum biyu amfani da ita a kowane wuri, har da mai gadin dare. Allah Ya kiyaye mu daga gobara, amin.