Na'urar Saita Bugun Zuciya: Abin Yi Idan Matsala ta Taso

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan bugun ya yi sanyi ƙwarai, likita yana iya dasa wata ƙaramar na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Siririyar waya ce take bi ta jijiyar jini daga na'urar zuwa zuciya. An fara dasa irin wannan na'ura a ƙasar Suwidin a shekarar 1958, kuma wanda aka dasa wa ya rayu har 2001.

Alamomin da za ka lura da su

Idan kai ko wani naka yana ɗauke da ita, kada ka yi sakaci da waɗannan: kumburi, zafi ko mugunya a wurin da aka dasa ta, zazzaɓi marar dalili, kumburin hannu na ɓangaren, jiri ko suma, da shaƙuwar da ta ƙi tsayawa.

Yadda ake gyarawa

Idan ƙwayoyin cuta suka kama na'urar, magani kaɗai ba ya isa. Dole a cire ta duk da wayarta. Amma wayar da ta daɗe takan manne da jikin jijiya, ba a fizgo ta. Likita yakan zura siririn bututu a kan wayar, yana duba hoton ƙirji, yana raba ta da nama sannu a hankali har ta fito. Galibi ba sai an buɗe ƙirji ba. Duk da haka jijiya tana iya yagewa, shi ya sa ake yin aikin inda akwai likitan fiɗar zuciya a kusa. Bayan ciwon ya warke, sai a dasa sabuwa idan akwai bukata.

Abin da ya rataya a wuyanka

Kada ka bari wanzami ya yi sakiya ko ƙaho a kan kumburin. Kada ka matse shi, kada ka shafa masa magani. In kana Garagumsa, tafi asibitin Takeita a ranar, ka nemi takardar zuwa babban asibitin Zinder domin a haɗa ka da likitan zuciya. Riƙe katin na'urar tare da kai, domin shi zai nuna irinta da ranar da aka dasa ta. Jinkiri yana ba cutar damar bin waya ta kai ga zuciya.