Dangwalen cuku da sosis: tambayar da Alhaji ya yi kafin ya sa hannu

A cikin sanyin da ya wuce, wani abokina na lise wanda ya shekara goma sha ɗaya a garin Girinsboro na ƙasar Amurka ya zo ganin gida, ya kira liyafa a Yamai. An jera kujeru a tsakar gida, an kawo gasasshen rago da shinkafa da lemu, kamar dai yadda aka saba. Can bayan isha'i sai uwargida ta fito riƙe da wata tasa da tsumma saboda zafi, ta aje ta a tsakiyar tebur, ta zagaye ta da yankakken burodi da aka busar a wuta. Abin da ke cikin tasar yana ta ɓararraka, samansa ya yi ja-ja, ƙamshi ya cika gidan. Matasa suka yi caa a kai. Amma kawun maigidan, wani dattijon ɗan kasuwa da ya zo daga Maraɗi, bai motsa ba.

"Ɗana, mene ne a ciki?"

"Cuku ne da sosis, Kawu."

"Sosis na wace dabba?"

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin a duk taron nan babu wanda ya yi tambayar da ta fi wannan dacewa. Maigida ya rantse masa cewa margez ne na naman sa da na rago, da hannunsa ya sayo shi wajen mahaucin da ya sani. Sa'an nan Alhaji ya yi bisimilla ya dangwala.

Wannan abinci ɗan Amurka ne, kuma ba abincin zama a ci a ƙoshi ba ne. Na taron hira ne, wanda ake ci a tsaye, kowa ya ɗauki ɗan ƙanzon masara ya dangwala ya wuce. Babbar ranarsa ita ce Lahadin da ake buga wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wato Super Bowl, cikin watan Fabrairu, lokacin da mutane fiye da miliyan 100 suke zaune gaban telebijin, gida-gida, da abokai da maƙwabta. Asalinsa kuwa daga iyakar Meziko da jihar Teksas yake. Mutanen arewacin Meziko sun daɗe suna narka cuku a kasko tare da wani sosis mai yaji, su ci da wainar masara ko ta alkama. Da abin ya tsallaka iyaka sai masana'antu suka karɓe shi. A 1918 wani mai yin cuku ɗan asalin ƙasar Suwis, Emil Frey, ya ƙirƙiro cukun Velveeta a jihar Niyok, kamfanin Kraft ya saye shi a 1927. A 1943 kuma Carl Roettele ya fara zuba tumatir da ɗanyen barkono a gwangwani a garin Elsa na Teksas, da sunan Ro-Tel. Da waɗannan biyu suka haɗu, matar gida ba ta bukatar wuƙa ko turmi: ta buɗe gwangwani, ta yanka cuku, ta soya nama, shi ke nan. Saboda haka kada kowa ya ɗauka wani tsohon girkin gargajiya ne na Turawa. Ɗan kanti ne, a kanti aka haife shi.

To, ga inda tambayar Alhaji take da nauyi. A Amurka, idan littafin girki ya ce a sa sosis bai ƙara kome ba, naman alade yake nufi. Sosis ɗin karin kumallo da ake sa wa wannan abinci, irin wanda mawaƙin nan Jimmy Dean ya kafa wa kamfani a 1969, asalinsa niƙaƙƙen naman alade ne da kayan ƙamshi. Ma'aikacin da aka tura taro ko ƙaro ilimi, da ɗan kasuwar da ya je sarin kaya, idan aka gayyace su gidan wani suka ga tasar cuku tana tururi, ido ba zai nuna musu kome ba, domin naman ya nitse cikin cuku, yaji ya rufe ɗanɗanonsa. Babu abin kunya a tambaya. Masu gida a can sun saba da baƙon da ba ya cin kaza ko kaza. Haka nan a manyan kantunan Yamai masu sayar da kayan Turai, a karanta takardar da ke jikin leda har ƙasa. Kalmar « porc » ake nema, kuma ba a wajen nama kaɗai ba, har a wajen « boyau », wato hanjin da aka ɗura naman a ciki, domin akan sami sosis na kaji ko na sa da aka ɗura a hanjin alade. Margez na gaskiya, wanda ya zo mana daga ƙasashen Magrib, naman sa ne ko na rago cikin hanjin tunkiya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya sayi niƙaƙƙen nama mai ɗan kitse wajen mahaucinsa, ya cuɗa shi da tafarnuwa da garin tattasai da masoro da gishiri. A wannan girki ana fasa sosis ɗin ne a zubar da hanjin, don haka ba a yi asarar kome ba.

Bayan ya ci loma uku, Alhaji ya sake yin wata tambaya, wannan karon irin ta ɗan kasuwa. Ya ce, tun da cuku ne, me ya hana a yi shi da cukunmu na Azawak, wanda ake sayarwa a Tawa da Abalak, maimakon a kai wa Bature kuɗi? Uwargida ta ce ta taɓa gwadawa, abin ya ƙi. Gaskiya ta faɗa, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne yawancin masu gwada wannan girki suke faɗuwa.

Cuku kowane iri, abu uku ne a haɗe: ruwa, da mai, da wani sinadarin gina jiki na madara wanda yake riƙe da su kamar yadda raga take riƙe da kaya a bayan mota. Idan cuku ya ji wuta, ragar nan takan saki, ya narke ya kwarara, amma fa sai in akwai isasshen ruwa a jikinsa. Cukunmu matan makiyaya suna shimfiɗa shi falle-falle a kan tabarma, rana da iska su shanye ruwansa ƙaf, don ya yi watanni bai lalace ba a ƙasar da babu firigo. Abin da ya sa ya dace da shayi da fura da doguwar tafiya, shi ne ya hana shi narkewa: a sa shi a wuta, sai dai ya gasu ya ƙara tauri. Wagashi na Fulanin Benin, wanda ake daskarar da madararsa da ruwan tumfafiya a kan wuta, shi ma ba ya narkewa. Ana soya shi, ana jefa shi a miya, ya fito da siffarsa. Cukun Turai mai tauri kuwa, irin su guruyer da emantal, yana narkewa, amma in wuta ta yi yawa ko ya daɗe a kanta sai ya rabu: mai ya taso sama, sauran ya dunƙule a ƙasa kamar danƙo. Wannan matsala ce wasu mutane biyu na ƙasar Suwis, Walter Gerber da Fritz Stettler, suka warware a 1911, da suka gano cewa idan aka narka cuku da wani gishiri da ake samu daga sinadarin tsamin lemu, mai da ruwa ba sa sake rabuwa. Daga nan aka sami cukun masana'anta. Kuma ba sai an je Amurka neman Velveeta ba, domin ɗan'uwansa yana cikin kusan kowace butik ta unguwa daga Damagaram har Yamai: La Vache qui rit, mai hoton jar saniya tana dariya, wanda Léon Bel ya fito da shi a Faransa a 1921. Yaranmu suna shafa shi a burodi kafin su tafi lakwal, ba mu san cewa shi ne ginshiƙin abincin da ake yi mana burga da shi ba.

Ga yadda suke yi a can: sosis giram 450, farin cuku mai laushi giram 225, gwangwani ɗaya na tumatir da barkono mai kimanin giram 280, da gurzajjen cukun ceda wajen giram 200. Ga kuma yadda uwargidan abokina ta juya shi da abin da kasuwarmu take da shi. Ta fasa margez rabin kilo a kasko ba tare da ta zuba mai ba, tana farfasa shi da muciya har ya soyu sarai, babu sauran ja a cikinsa. Sai ta tsiyaye man da ya fito. Wannan tsiyayewa kada a yi mata rowa. Wanda ya ji tausayin man ya bar shi, zai tarar da jan tafki a saman tasarsa. A ɗan abin da ya rage a kaskon ta soya albasar Galmi guda ɗaya, da tumatir huɗu da aka matse ruwansu da ƴaƴansu, da tattasai ɗanye, da attaruhu gwargwadon ƙarfin baƙi, har ruwan ya ƙone. Ta sauke kaskon daga wuta, sa'an nan ta zuba cukun jar saniya yanka 16 da rabin kofin madara, ta juya har ya zama kamar kunu mai kauri. Ta mai da naman, ta zuba rabin gurzajjen emantal a ciki, ta juye a tasa, ta barbaɗa sauran a sama. Tasar ta shiga fur mai zafin digiri 180, minti 20 zuwa 25, har gefe ya fara tafasa, sama ya yi ja. Gishiri kuwa ba ta ƙara ko ƙwaya ba, domin margez da cuku kowanne ya zo da nasa.

Gidan da babu fur, dabarar da iyayenmu mata suke gasa gato da ita ta isa: babbar tukunya, yashi a ƙasanta, a ɗora tasar a kan yashin, a rufe, a zuba garwashi a kan marfin. Wutar sama ta fi ta ƙasa muhimmanci, ita ce take gasa fuskar. Ƙanzon masara irin nasu yana da tsada a nan, kuma ba a bukatarsa. Burodin jiya da aka yanka siri-siri aka busar a wuta ya fi shi riƙe loma.

Maganar kuɗi fa? Ba zan ruɗi ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata ba. Nama da albasa da tumatir namu ne, amma cuku iri biyun nan duka daga waje suke zuwa, kuma duk wanda ya ga abin da ya sami kayan kanti bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya san cewa abin da aka shigo da shi ba ya tausayin albashi. A ganina wannan abincin mutum goma ne zuwa goma sha biyu, abokan aiki ko abokan ciniki da aka kira gida da dare. Wanda ya ce zai yi shi a suna ko ɗaurin aure, inda ba a ƙidaya baƙi kuma ba a mai da kowa, zai kashe kuɗin rago a kan abin da ba zai ƙosar da kowa ba, a tashi ana cewa bai ba da abinci ba.

Akwai kuma haɗarin da zafin ƙasarmu yake ƙarawa. Nama da madara a haɗe, idan suka huce suka tsaya ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, kuma hanci ba ya jin alamarsu da wuri. Ƙa'idar da hukumar noma ta Amurka take ba mutanenta ita ce kada irin wannan abinci ya wuce awa biyu a tebur, awa ɗaya tak idan zafin gari ya haura digiri 32. Mu kuwa da a watan Afrilu ma'auni yake wuce 40 da rana, kuma dare ba ya kawo wani sauƙi sosai, lissafin a fili yake. Kada a gasa shi da la'asar don baƙin da aka ce su zo ƙarfe takwas, alhali an san sai tara da rabi za su fara sallama. A haɗa kome a aje a firigo, a sa a wuta sai an ga gida ya cika. In taron zai daɗe, gara ƙananan tasoshi biyu, ɗaya bayan ɗaya, da babba guda da za ta kwana a tebur, ko kuma a ɗora tasar a kan murhun shayi mai ɗan garwashi. Abin da ya yi saura bayan ya daɗe a waje, kada a ce a ba yara da safe ko a miƙa wa mai gadi. A zubar.

Su kansu Amurkawa suna da wani abin da suke ƙyama a wajen wannan tasa: mutum ya dangwala, ya gutsura, ya sake mai da ragowar cikin cukun. Har masu bincike na jami'ar Clemson sun auna abin, suka wallafa a 2009 cewa lalle ƙwayoyin cuta na baki suna komawa cikin kwanon ta wannan hanya. Da na ba Alhaji wannan labari sai ya girgiza kai, ya ce shi tun yana ɗan shekara biyar kakarsa ta buge masa hannu a kan akushin tuwo saboda wannan laifi, ba ta jira wata jami'a ba. Sa'an nan ya sa aka rubuta masa yawan cukun da na naman a bayan wata takardar rasit, ya ninke ta ya sa a aljihun babbar riga, zai kai wa Hajiya a Maraɗi.