Abin da Magatakardan Kwamfuta Ba Ya Rubutawa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san cewa magatakarda, ko da yake aikinsa shi ne kiyaye abin da ya gudana domin ya zama hujja gobe, ba ya rubuta tarin mai ƙara ko gyaran rawanin shaida, sai abin da hukunci zai rataya a kansa. Haka al'amarin yake ga manhajojin da bankuna da asibitoci suke ajiye bayanan jama'a a cikinsu, waɗanda aka ɗora musu nauyin tuna wanda ya sauya me da kuma yaushe, musamman tun da kamfanin Enron ya rushe a 2001, majalisar Amurka kuma ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002 don tsananta binciken littattafan kamfanoni.

Daga cikin mashahuran kayan wannan aiki akwai Hibernate, wanda Gavin King ya fara a 2001 domin masu rubuta manhaja da harshen Java, da kuma reshensa Envers, na Adam Warski mutumin Poland, wanda aka shigar cikinsa a 2010. Hikimar Envers ita ce, kowane jadawalin da aka ce a sa masa ido, sai ya yi masa ɗan'uwa na tarihi, ta yadda duk sa'ad da aka taɓa bayanin wani, sai ya kwafe layin ɗungurungum tare da lambar bita da alama: 0 idan sabo ne, 1 idan gyara ne, 2 idan sharewa ce.

A wannan kwafewa ɗungurungum mushkilar take, domin idan fayil ɗin majiyyaci yana ɗauke da hotonsa, aka gyara lambar wayarsa kurum, to hoton ma sai a sake ajiye shi. Idan kuwa akwai gurbin da ke nuna lokacin da ma'aikaci ya shiga manhaja na ƙarshe, wanda yakan sauya safe da yamma, tarihin zai cika da shirgi har mai bincike ya rasa ƙwaya cikin ƙaiƙayi. Saboda haka aka tanadi alamar @NotAudited, wadda idan aka ɗora ta a kan gurbi, ba ya shiga jadawalin tarihi, sauyinsa shi kaɗai ba ya haifar da sabuwar bita, wanda kuma ya buɗe tsohon bayani zai iske wurin wayam.

Akwai dalilin da ya fi cikar ma'aji nauyi, wato amanar sirri. Kalmar sirrin da mutum ya sauya saboda ta fallasa, babu maslaha a adana ta har abada; dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba mutum haƙƙin neman a shafe bayanansa, Nijeriya ma ta kafa tata a 2023, alhali jadawalin tarihi, bisa ɗabi'arsa, an gina shi ne don kada ya manta.

Sai dai a ganina haɗarin wannan alama ya yi daidai da sauƙinta, gama kalma ɗaya ce da mai rubuta manhaja zai iya sakawa da tsakar dare don aiki ya yi sauri, ba tare da akanta ko mai binciken kuɗi ya sani ba. Idan gurbin da aka keɓe shi ne lambar asusun da ake zuba albashi, wani ya sauya ta ranar biya ya mayar washegari, to ranar da aka zo tuhuma ba za a sami ko da bita ɗaya ba, kuma abin da ba a rubuta a lokacinsa ba, Envers ba shi da hanyar dawo da shi. Don haka ya wajaba jerin guraben da aka keɓe ya kasance a rubuce, kowanne da illarsa, masu binciken kuɗi da lauyan ma'aikata su sa masa hannu kafin manhaja ta fara aiki.