Faifan Frank Zappa Sun Haye 120: Daga Ina Sabon Mai Sauraro Zai Fara?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya yi niyyar fara sauraron kiɗan Frank Zappa, makaɗin nan na Amurka, abin da zai fara cin karo da shi shi ne yawan faifan mutumin. A tsakanin 1966 da 1993, lokacin da ya rasu, ya fitar da faifai 62. Bayan rasuwarsa iyalinsa sun ci gaba da tono abin da ya bari a ma'ajiyarsa, har jimlar ta haye 120. Ba yawan kaɗai ke rikita mutum ba. Faifan ba su yi kama da juna ba, har mutum ya saurari guda biyu a jere ya rantse ba hannu ɗaya ya yi su ba. Wanda ya yi rashin sa'a ya fara da wanda bai dace da kunnensa ba, ya yi asarar kuɗinsa da lokacinsa, kuma da wuya ya sake waiwayar makaɗin.

An haifi Zappa ran 21 ga Disamba, 1940, a birnin Baltimore, amma a jihar Kalifoniya ya girma. Tun yana yaro abubuwa biyu suka shiga ransa, watau waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka da ake ji a rediyo a lokacin, da kuma kiɗan wani Bafaranshe mai suna Edgard Varèse, wanda ya shahara wajen haɗa sautuka masu wuyar sauraro. Wannan haɗin gambiza shi ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka ana iya kasa aikinsa kashi uku: akwai waƙoƙin rok na barkwanci da zambo, akwai kiɗa zalla mai kama da jaz wanda ba murya a cikinsa, sannan akwai abin da ya rubuta wa manyan ƙungiyoyin makaɗa irin na Turai. Sanin wannan rabo shi ne rabin aikin mai zaɓe.

Faifai na farko

Shawararmu ita ce a fara da Hot Rats, wanda ya fito cikin 1969. Kiɗa shida ne a cikinsa, biyar daga ciki babu waƙa ko kaɗan, na shidan kuwa abokinsa na ƙuruciya, Captain Beefheart, ya yi 'yar gajeriyar waƙa a farkonsa kafin jita ta karɓe. Amfanin wannan ga mai sauraron da Ingilishi ba harshensa ba ne a bayyane yake, don ba ya bukatar fahimtar habaicin Amurkawa kafin ya ji daɗi. Kiɗan da ya buɗe faifan, Peaches en Regalia, bai kai minti huɗu ba, amma a cikinsa za a ji yadda Zappa ke ɗauko amo ɗaya ya miƙa shi daga wannan kayan kiɗa zuwa wancan. Ian Underwood shi ya busa yawancin kayan busa ya kuma kaɗa piyano, sannan Don Harris da Jean-Luc Ponty suka ja goge irin na Turawa. A Amurka faifan bai yi kasuwa sosai ba a lokacin, amma a Ingila ya shiga cikin goman farko.

Wanda ya ji Hot Rats bai yi masa ba, to kada ya yanke hukunci tukuna, gama bai ji muryar mutumin ba.

Faifai na biyu da na uku

Na biyu shi ne Apostrophe na 1974. Wannan ne faifan Zappa da ya fi kowane hawa a jerin cinikin Amurka, inda ya kai na 10. Gajere ne, kimanin rabin sa'a, kuma waƙoƙinsa suna da tsari irin wanda kunne ya saba da shi. Ya buɗe da wani labarin mafarki na ban dariya game da wani yaro a ƙasar ƙanƙara, wanda aka ja shi cikin waƙoƙi huɗu a jere. Akwai Cosmik Debris, inda yake yi wa masu damfarar mutane da sunan asiri ba'a. Har wa yau akwai Uncle Remus, wadda suka tsara tare da George Duke, kan wariyar launin fata a Amurka. A nan ne mai sauraro zai gane cewa ƙarƙashin wasan akwai magana.

Na uku shi ne One Size Fits All na 1975, wanda da yawa daga masu bin kiɗansa ke ganin a nan ƙungiyarsa ta kai ƙololuwa. George Duke na kan piyano yana kuma waƙa, Ruth Underwood na kaɗa marimba, watau jerin katako da ake bugawa da sanduna, Chester Thompson kuma na kan ganguna. Kiɗan farko, Inca Roads, ya isa misali kan yadda Zappa ke aiki. Ƙungiyar ta kaɗa shi a wuri guda, amma kaɗin jitar da ke tsakiya an yanko shi ne daga wani wasa da suka yi a Helsinki cikin 1974, aka ɗinke su har ba a jin gaɓar. Ya kan ɗauki kusan kowane wasa da ya yi a gaban jama'a ya ajiye, kuma wannan ɗabi'a ita ce asalin yawan faifan da ake ta fitarwa bayansa.

Bayan waɗannan uku

Daga nan sai kowa ya bi abin da kunnensa ya zaɓa. Wanda Hot Rats ya fi burgewa ya nemi Waka/Jawaka da The Grand Wazoo, dukansu na 1972. Waɗannan biyu suna da labari. Ran 4 ga Disamba, 1971, gobara ta tashi a gidan wasa na Montreux a Suwizalan ana cikin wasansa, ta cinye kayan kiɗan ƙungiyar. Kwana shida bayan haka, a gidan wasa na Rainbow a Landan, wani ɗan kallo ya hau dandamali ya ture shi ya faɗa rami. Ya karye a ƙafa, maƙogwaronsa ya yi rauni har muryarsa ta ƙara kauri, ya kuma daɗe a keken guragu. A zaman jinyar nan ne ya tara makaɗa masu yawa ya yi waɗannan faifai biyu.

Wanda kuma zambon ya fi ja, kuma yana jin Ingilishi sosai, ya koma baya ga ƙungiyarsa ta farko, Mothers of Invention. Faifansu na fari, Freak Out! na 1966, yana cikin faifan rok na farko da suka fito tagwaye, kuma a ciki akwai waƙa kan tarzomar unguwar Watts ta birnin Los Angeles ta 1965. We're Only in It for the Money na 1968 kuwa ba'a ce ga samarin zamanin da kuma hukuma baki ɗaya, har hoton faifan ma kwaikwayo ne na wani sanannen faifan Beatles. Sai dai yanke-yanken sauti sun yi yawa a cikinsa, shi ya sa ba mu sa shi a gaba ba.

Waɗanda ya kamata a jinkirta

Akwai faifan da bai kamata baƙo ya fara da su ba, ko da an yabe su. Shut Up 'n Play Yer Guitar na 1981 faifai uku ne na kaɗin jita kawai. Jazz from Hell na 1986 kusan duka da na'ura mai kwamfuta aka yi shi, ko da yake ya ci masa lambar Grammy cikin 1988. The Yellow Shark, wanda ya fito 'yan makonni kafin rasuwarsa, kiɗa ne da ƙungiyar Ensemble Modern ta Jamus ta kaɗa, kuma ba shi da alaƙa da rok. Duka ukun suna bukatar kunnen da ya riga ya saba.

Wajibi ne kuma mu faɗa wa masu karatu gaskiya kan wani abu. Zappa mutum ne mai kaifin baki, kuma a wasu waƙoƙinsa akwai batsa ƙarara da yi wa addini izgili. Sheik Yerbouti na 1979, wanda ya fi duk faifansa ciniki a duniya, har aka sayar da fiye da miliyan 2, yana cikin waɗanda abin ya fi yawa. Haka nan Joe's Garage na wannan shekara, da wasu waƙoƙin Over-Nite Sensation na 1973. Mai shago ko manhajar waya za su iya tura wa mutum waɗannan da farko saboda su ne sanannu, amma ba abin da za a kunna a gida gaban iyali ba ne. Shi kansa bai taɓa neman afuwa kan haka ba. Cikin Satumban 1985 ya bayyana gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka yana adawa da shirin liƙa wa faifai takardar gargaɗi, yana mai cewa tarbiyyar yara aikin iyaye ne. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, gara ya san abin da ke cikin faifai kafin ya saya.

Zappa ya rasu ran 4 ga Disamba, 1993, a Los Angeles, yana da shekara 52, bayan fama da ciwon daji. Cikin 2022 kamfanin Universal ya sayi haƙƙin kiɗansa da ma'ajiyarsa daga hannun iyalinsa, saboda haka babu alamar fitowar sababbin faifai za ta tsaya nan kusa. Wannan kada ya tsorata kowa. Faifai uku da muka ambata, in an haɗa su, ba su kai sa'a biyu da rabi ba, kuma wanda ya ba kowane ɗaya sauraro biyu ko uku a natse zai san ko ya ci gaba ko ya tsaya nan.