Takobi Nawa, Maza Nawa? Sabon Lissafin Kokowar Jihohi

 A Madarunfa, idan sanyin Disamba ya shigo aka ɗora shayi a fada, da wuya a tashi ba a taɓo gardamar kokowa ba: wace jiha ce ta fi kowa a gasar takobin ƙasa?

Mutumin Dosso amsarsa a bakinsa take. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗaga takobi sau 6, uku daga ciki a jere: Yamai a 2021, Diffa a 2022, Agadas a 2023. Shi kuwa ɗan Maraɗi sai ya ajiye kofin shayi ya tuna masa cewa lokacin da aka fara gasar a Tawa, a 1975, Yakuba Ango Kantu ne ya zo da takobin farko gida, kuma sunansa filin kokowar Maraɗi yake ɗauke da shi har yau.

Masoya besbol, wasan ƙwallon sanda na Amurka, sun daɗe da irin wannan musu. Ƙungiyar Yankees ta ci kofi 27 tsakanin 1923 da 2009. Marlins kuwa 2 kacal gare ta, a 1997 da 2003, amma sai a 1993 ta fara wasa. Saboda haka wasu magoya baya kan raba yawan kofi da shekarun ƙungiya, don kada tsufa kaɗai ya ba wani nasara.

Kokowa tana buƙatar nata ma'aunin, domin kowace jiha maza 10 take turawa, 80 ke nan daga jihohi 8, amma mutum ɗaya ke tafiya da takobi. Ga wanda shirinmu ya ƙirƙiro: takobin farko na kowane ɗan kokowa maki 3 ne ga jiharsa, duk wanda ya ƙara bayan nan maki 1. Da haka takubban Isaka 6 sun ba Dosso maki 8. Kantu da Labo Maikafo da Umaru Bindigau, da takobin farkonsu kaɗai, sun ba Maraɗi 9. Dosso ma ba za ta tsaya a 8 ba, tana da Salma Ɗan Rani, wanda shi ma ya ɗaga takobi.

Wannan lissafi bai rage wa Isaka komai ba, gwarzo ne. Abin da yake aunawa shi ne ƙasar da ke ta haifar sabbin zakaru, tun daga kokowar bayan girbi a ƙauye, inda yaro ke shiga fili da layu a damtse, makaɗa na kiran sunan ubansa. A ganin shirin, nan ne ƙarfin jiha yake.

To, jama'ar Madarunfa, ku ɗauki takarda da biro, ku tambayi dattawan da suka saurari gasannin farko a rediyo, ku haɗa makin kowace jiha, ku aiko mana da abin da kuka samu.