Ƙararrawar gobara a wurin kasuwanci: wa zai ji kukanta da tsakar dare?

Cikin daren 26 ga Fabrairu 2023, kwana ɗaya bayan zaɓen shugaban ƙasa, wuta ta kama Kasuwar Monday da ke Maiduguri, kafin a shawo kanta ta lashe babban ɓangaren kasuwar. Shekara bakwai kafin nan, a watan Maris na 2016, irin wannan masifa ta faɗa wa Kasuwar Sabon Gari ta Kano, dubban shaguna suka koma toka. A farkon Janairun 2025 kuma Kasuwar Kantamanto, cibiyar cinikin gwanjo a babban birnin Gana, ta bi sahu. Duk ukun sun tashi ne da dare, shaguna a garƙame, masu su suna barci a gida. Wannan ya isa ya nuna wa ɗan kasuwa daga inda zai fara lissafi idan ya tashi sayen ƙararrawar gobara. Yawancin masu saye sukan fara da tambayar kuɗi, ko sunan kamfani, ko wace ƙasa ta ƙera. A ganina waɗannan duk na baya ne. Ƙararrawar da ta dace da wurin kasuwanci ita ce wadda za ta gane wuta tun tana ƙarama, sannan ta kai labari ga mutumin da yake a farke, yake kusa, kuma yake da abin da zai yi a kai. Wadda ta gaza a ɗaya daga cikin waɗannan, komai tsadarta, ihu bayan hari za ta yi.

Abu na farko da mai wuri zai tsayar shi ne me yake son karewa, rai ko dukiya, domin tsarin kowanne daban ne. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 5839, wadda injiniyoyi da yawa ke dogaro da ita, ta kasa tsarin gida uku. Akwai na hannu zalla, wato ɗan akwatin nan ja da ake maƙalawa a bango kusa da ƙofa, wanda duk ya ga wuta sai ya danna. Akwai wanda aka tsara don ceton rai, ana jera na'urorinsa a hanyoyin fita da matakala da ɗakunan da ke buɗewa cikinsu. Sai kuma na kare dukiya, wanda ake zuba na'urorinsa a inda kaya suke da inda wuta ta fi saurin tashi. Otal da asibiti da ɗakin kwanan ɗalibai babbar matsalarsu mai barci ne, shi ya sa ƙa'idar ta nemi ƙarar ta kai ma'aunin desibel 75 a daidai kan gado, alhali 65 ya wadatar a sauran wurare. Sito da shagon atamfa kuwa babu kowa a cikinsu da dare, matsalarsu ita ce babu mai ji. Wanda ya sa akwatin dannawa kaɗai a sito ya sayi abin da ba ya aiki sai da yatsan mutum, ya ajiye shi a wurin da ba mutum.

Na'urorin da ake liƙawa a silin suna kama da juna a ido, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. Mafi yaɗuwa a yau ita ce mai gano hayaƙi ta hanyar haske. A cikinta akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu, da fitila mai harba haske, da wani ido da aka kautar gefe yadda hasken ba ya faɗa masa. Da hayaƙi ya shiga sai ƙwayoyinsa su tarwatsa hasken, wani ya faɗa kan idon, na'ura ta yi kuka. Wannan ta fi gwaninta wajen kama wutar da ke ci a ɓoye ba tare da harshe ba, irin ta wayar lantarki da ta yi zafi robarta ta fara narkewa, ko katifa, ko dilar yadi, kuma irin wannan ce ke yi wa shaguna kwanton ɓauna da dare. Akwai tsohuwar samfur mai ɗauke da ɗan mitsitsin sinadarin amerishiyom, wadda ta fi saurin jin wuta mai balbali, sai dai ƙasashen Turai da dama sun yi watsi da ita. Ta uku ita ce mai jin zafi, wadda ba ruwanta da hayaƙi, sai zafin wurin ya kai wani mataki, yawanci tsakanin digiri 54 zuwa 65, ko kuma ya hau da sauri fiye da ƙima. Ita ce ta dace da kicin ɗin gidan abinci, da gidan burodi, da ɗakin janareta, inda hayaƙi da tururi abincin yau da gobe ne. Amma a sani tana da nawa, domin kafin ɗaki ya yi irin wannan zafi wuta ta riga ta miƙe. Saka ta a ɗakin kwana ko a siton kaya don gudun yawan kuka kuskure ne babba. A dogon sito mai rufi can sama kuma akwai wadda ke harba haske daga wannan bango zuwa wancan, tsawon da kan kai mita 100, da hayaƙi ya gitta sai ta sanar.

Nan ne yanayin ƙasarmu ke shigowa, kuma nan ne mai sayarwa da bai san aikinsa ba yake kasawa. Na'urar hayaƙi mai haske ba ta iya bambance hayaƙi da ƙura, duk abin da ya tarwatsa haske a wurinta hayaƙi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika kowane lungu da ƙura mai laushi, kuma lokacin ne gobara ta fi yawa saboda bushewar kaya da iska da jin ɗumi. Na'urar da ƙura ta taru a cikinta takan riƙa kuka ba dalili, ko kuma ƙofofinta su toshe hayaƙi ya kasa shiga. Na farkon ma ya fi haɗari ta wata fuska, don ƙararrawar da ta tashi mutane sau biyar a banza, a na shida wani zai tashi ya zare wayarta, ko a ɗaure mata leda a baki a manta. Saboda haka a wuri mai ƙura, kamar wurin injin niƙa, ko na kafinta, ko siton hatsi, gara a nemi mai haɗa hayaƙi da zafi a jiki ɗaya, ko wadda ke lura da dattin da ke taruwa a cikinta ta daidaita kanta, ta kuma nuna lokacin da take buƙatar shara. Zafin bazara shi ma abin lura ne. A Kano da Sakkwato da Maraɗi zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano marar silin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Na'urar zafi da aka ƙera don ofis mai sanyi za ta iya ɗaukar rana tsaka a matsayin gobara, don haka akwai masu babban mataki da aka yi domin irin waɗannan wurare. Wurin kafawa ma yana da ƙa'ida: a silin mai shafe, kada wani wuri a ɗaki ya yi nisan fiye da mita 7.5 daga na'urar hayaƙi, ko mita 5.3 daga ta zafi, kuma a bar mata sarari na kamar rabin mita a ƙasanta. Wanda ya san yadda ake jibga diloli har su taɓo rufi a kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya san wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zai fi wuyar cikawa.

Duk waɗannan na'urori idanu ne da hanci, ƙwaƙwalwar tana cikin akwatin da suke kai wa rahoto. Na gargajiya yana raba gini shiyya-shiyya, idan wuta ta tashi ya ce tana hawa na biyu, ko tana layin gabas, sai a je a nema. Yana da sauƙin kuɗi, ya kuma ishi kanti ɗaya ko ƙaramin ofis. Mai adireshi kuwa kowace na'ura tana da lambarta, allo zai rubuta shago kaza a layi kaza. A falaza mai shago ɗari, inda kowace ƙofa ƙarfe ce da kwaɗo uku, sanin ƙofar da za a fasa shi ne rabin aikin, kuma wannan kaɗai ya biya bambancin kuɗin. Akwai kuma marar waya, mai amfani a tsohon gini da jan waya zai yi wahala, sai dai kowace na'ura tana da batirin da za a riƙa bibiya, katanga mai kauri da ƙofofin ƙarfe kuma sukan raunana saƙon. Ƙaramar nan ta gida mai batir, wadda ake saya a liƙa da kai, tana da amfani sosai a gidan kwana. A shagon da aka rufe da ƙarfe shida na yamma kuwa za ta yi ta kukanta a bayan ƙofa har robarta ta narke. Abin da shago ke buƙata shi ne jiniya da fitila mai walƙiya a waje, allo a ɗakin masu gadi, da na'urar da aka sa wa layin waya don ta kira mai shago da shugaban masu gadi. Layin nan kuma a riƙa duba shi, kada a wayi gari kuɗinsa ya ƙare ko kamfani ya rufe shi. Daga nan za a ga cewa a kasuwa wannan ba sayayyar mutum ɗaya ba ce. Shaguna bango ɗaya suke, sau da yawa silin ɗaya, wuta kuwa ta cikin silin take tafiya. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ke iya tara kuɗin gadi da na shara za ta iya tara na tsari ɗaya mai adireshi ga layi gaba ɗaya, kuma zai fi araha a kan kowa.

Hausa ta yi gaskiya da ta kira lantarki da gobara da suna ɗaya, wato wuta. Ɗauke wuta da dawo da ita da ƙarfi, da haɗin waya na ganganci, da inbata da batiran sola da ake bari suna caji a rufaffen shago, duk ƙofofin gobara ne. Ita ƙararrawar ma da lantarki take rayuwa. Ƙa'ida ta ce batirin akwatin ya iya riƙe tsarin awa 24 bayan ɗauke wuta, sannan ya rage masa ƙarfin yin kuka na minti 30. An yi wannan lissafi ne a ƙasar da ɗauke wuta labari ne. A inda unguwa kan yi kwana uku a duhu, dole a nemi batir mafi girma ko a haɗa akwatin da sola, a sa masa abin kare shi daga tsallen wuta, a kuma tuna zafi yana rage wa batir kwana.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata kuɗi ne, tunda ƙararrawa ba ta kashe wuta, 'yan kwana-kwana kuma sukan iso a makare, wani lokaci ruwansu ya ƙare, ko motarsu ta rasa hanya saboda rumfunan da aka kakkafa a kan titi. Koken gaskiya ne, sai dai hujja ce a kan mai yin ta. Inda taimako ke da nisa, nan ne mintunan farko suka fi tsada. Wutar da ta fara daga soket, mutum ɗaya da tukunyar kashe gobara zai iya gamawa da ita. Idan aka bar ta ta kama soso da leda da yadin roba, cikin 'yan mintuna zafi kan taru a ƙarƙashin rufi har duk abin da ke ɗakin ya kama a lokaci guda, daga nan ko mota goma aka kawo sai dai a tare maƙwabta. Abin da wannan koke ke koyarwa shi ne kada a sayi ƙararrawa ita kaɗai: a haɗa ta da tukwanen kashe wuta, da maigadin da aka koya wa amfani da su, da wurin kashe lantarkin layi daga waje, da lambar 112 da ta ofishin kashe gobara mafi kusa a rubuce a bango. Wasu kuma sukan ce kyamarar tsaro ta wadatar. Kyamara tana buƙatar idon da ke kallo, kuma a mafi yawan wurare amfaninta washegari ne, a ga yadda abin ya faru. Masu cewa gobara ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, amma addinin da ya koyar da yarda da ƙaddara shi ne ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta barci, kuma ba a taɓa jin wanda ya bar shagonsa a buɗe da sunan tawakkali ba.

Saura batun da ya fi kashe irin waɗannan na'urori, wato sakaci bayan an kafa. Tsarin yana buƙatar gwaji kowane mako ta hanyar danna akwati ɗaya a ji ko jiniya ta amsa, da zuwan ma'aikaci aƙalla sau biyu a shekara, wanda a nan ya kamata ɗaya ya faɗo bayan hunturu. Na'urar hayaƙi kuma ba ta dawwama, galibi bayan shekara 10 ake sauya ta. Don haka zaɓen mai kafawa ya fi zaɓen kamfanin da ya ƙera nauyi. Wanda ya yanke maka farashi ta waya bai taka ƙafa ya ga wurin ba, ɗan kasuwa ne kawai kamarka. Na kirki zai zagaya ginin, ya tambayi me ake ajiyewa da wa ke kwana, ya kawo zanen inda kowace na'ura za ta zauna, ya yi amfani da waya mai jure wuta, ya nuna shaidar cewa kayansa sun cika ƙa'idar EN 54 ko suna da tambarin UL na gaske, tunda jabu sun cika kasuwa, kuma ya tabbatar ana samun kayan gyaransu a cikin ƙasa. Kafin ka biya shi cikon kuɗinsa, ka sa a rufe shagon kamar yadda ake rufe shi kullum, a kashe lantarki, ya fesa hayaƙin gwaji a na'ura mafi nisa, kai kuma ka tsaya a ɗakin maigadi da wayarka a hannu. Idan ba ka ji komai ba, kada ka karɓi aikin.