Dillali Marar La'ada: Asirin Takin Zamani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, ya iso Kura ko Kadawa, ko ya ratsa zuwa Bunkure, zai ga shinkafa da alkama da tumatir kore shar. Ruwan dai mun san daga madatsar Tiga yake, wadda aka gama a 1974. Amma takin nan fari, watau yuriya, mutum nawa ne ya san asalinsa?

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abincin da shuka ta fi bukata. Sai dai shinkafa ba ta iya cinsa daga iska, sai an haɗa shi da haidirojin ya zama amoniya. Su biyun kuwa ba su haɗuwa da sauƙi sai da dillali. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna haɗin yana yiwuwa. Alwin Mittasch ya gwada abubuwa dubbai, ya tarar ƙarfe ya fi dacewa, Carl Bosch kuma ya kafa ma'aikata a Oppau a 1913. Iskokin biyu su sauka kan ƙarfen, su haɗu, su wuce, shi kuwa yana nan yadda yake. Dillali ke nan marar la'ada. Da yake shi tauri gare shi, hajar kuwa iska ce ko ruwa, raba su ba wuya.

To, ciniki a bayan dillalin kaɗai ake yinsa, ban da cikinsa. Saboda haka masu ilmi suka dukufa ga niƙa shi. Malamai, ku gwada wannan lissafi da yara: curi mai santimita 1 kowane gefe, fatarsa santimita murabba'i 6 ce. In aka yayyanka shi ƙwayoyi masu nanomita 10, fatar za ta rufe fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Ƙanƙanta har hali takan sake. Zinariya an san ta da ƙin cuɗanya, amma a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna ƙananan ƙwayoyinta suna ƙone iskar gubar nan ta hayaƙin gawayi ko da cikin sanyi. Yau da irin waɗannan ƙwayoyi na nikel da faladiyom ake haɗa magunguna, a kuma daskarar da man girki.

Nijeriya ma tana cikin sana'ar. Ma'aikatar Dangote ta Lekki, wadda aka buɗe a 2022, an gina ta don yin yuriya tan miliyan 3 a shekara daga iskar gas.

Ga abin da muke so a isar wa manoma. Kowane buhu mai kilo 50, kilo 23 nasa naitirojin ne da aka kamo da wahala. In aka watsa shi bisa ƙasa aka bar shi a rana, wani kashi zai koma amoniya ya bi iska, kuɗin manomi ya tafi a banza. A binne shi cikin danshi, a raba zubin sau biyu ko uku. Malamai da akawuna, ku ne bakin da talakawa ke ji. Ku faɗa, ku maimaita.